Tsutsar da Take Cin Ranar Aurenmu

Zuwa ga Rabab, hasken Bahar Maliya, lu'ulu'un da masu nutso suka gaji ba su samo irinsa ba, wadda murmushinta ke kwantar da igiyar ruwa, fushinta kuma ke sa kifaye neman ƙarƙashin dutse. Gaisuwar girma daga bawanki Midhat, mai kula da tankunan rainon murjani mai rai a Gardaƙa ta ƙasar Masar, wanda yake rubuto miki da hannu mai warin maganin tsutsa, da labarin da ya fi ƙarfin a faɗe shi ta waya.

Ya sanyin idona, kin tuna yammacin da muka dasa shi? Kin zo da ɗan reshen murjani shuɗi wanda bai kai ɗan yatsanki tsawo ba, kika liƙa shi a dutsen da ke gindin babban tanki, kika goge hannu da rigata, sannan kika yanke hukunci: "Ni ba na son zinare, Midhat. Ranar da wannan ya taɓo saman ruwa, ka turo manyanka. Namijin da ya iya rainon murjani zai iya zama da ni." Na amince ina dariya, domin a lokacin ban auna zurfin tankin da idon mai neman aure ba. Kika koma karatunki na halittun teku a Iskandariya, kika bar ni da halittar da a duk faɗin teku babu wadda ta kai ta raina gaggawa.

Na rene shi, ya ke sarauniyar zuciyata, rainon da ko uwa sai ta jinjina. Na auna masa gishiri, na daidaita masa haske, na hana kaina tari a kusa da shi. Kullum safe ina cika ruwan da zafi ya shanye, kamar yadda aiki ya tanada, wato da hannuna nake ƙara nisanta ranar farin cikina. Wane masoyi tarihi ya taɓa jarrabawa da irin wannan? Duk da haka ya yi rassa, ya miƙe, har saura faɗin tafin hannu ya taɓo saman ruwa. Mahaifiyarki Hajiya Insaf ma ta fara sassauci, kodayake ba ta fasa kirana ba: "Ɗana, dutsen naku ya girma kuwa? Ɗan ƙanwata likitan haƙori ya gama gininsa, shi kuma ba ya jiran tsiro."

Sai ga annoba. Na fara ganin fararen tabbai a jikin rassan, ƙanana, zagayayyu, kamar an ɗiga musu madara. Na fesa wa reshe ruwa da bututu, sai wasu falalen tsutsotsi suka ɓalle suna lilo a cikin tanki. Kaicona! Siraran halittu ne, ba ƙashi, ba kunya. Suna cin naman murjani, launinsa ya shiga jikinsu, su kwanta a kansa lamo, ka zuba musu ido ka rantse lafiyayyen reshe kake kallo. Na sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, muka daɗe muna duban juna, ni da ita. Ban ga alamar nadama ba.

Na ɗauko ɗan kifi mai ratsi wanda littattafai suka shaida yana cin su, na naɗa shi dogari. Ya zagaya murjanin sau ɗaya cikin isa, ya koma bakin gilashi yana jiran abincin gwangwani. Na tsoma murjanin a ruwan magani, manyan tsutsotsin suka zube, na yi sujadar godiya. Amma magani ba ya ratsa ƙwai, ya Rabab, kin fi ni sani. Suna nan manne a gindinsa kamar ƙwayar riɗi, suna ƙyanƙyashewa, ni kuma ina tsomawa, shuɗin yana kodewa kamar tsohon mayafi.

Hanya biyu ta rage. In bar shi da tsawonsa, wataƙila ya taɓo sama kafin ya mutu, in aure ki a kan farin ƙashi. Ko in yanke lafiyayyun rassan, in zubar da gindin da ƙwansa, ya rayu, mu koma inda muka faro.

Na yanke shi, Rabab. Jiya da hantsi. Na zubar da gindin da ƙwansa.

Yanzu abin da ya rage 'yan rassa ne masu tsawon ɗan yatsa, tsarkakakku, da sauran shuɗinsu. Dokar aikinmu, wadda ke kika koya mini, ta ce yankakken reshe ba ya komawa babban tanki sai ya warke. A faranti marar zurfi ake jinyarsa. A can suke. Kuma wajibi ne in sanar da ke, cikin tsoron Allah, cewa tsakanin mafi tsawonsu da saman ruwan farantin bai wuce kaurin farce ba.

Ban kwashe ko cokali ɗaya na ruwan ba, kodayake na daɗe a tsaye da cokalin a hannu. Hukunci naki ne, ya farin watana. Idan kin ce ruwan faranti ma ruwa ne, kawuna ya riga ya goge takalminsa na zuwa nema mini aurenki. Idan kin ce sai babban tanki, zan mayar da shi, in sake jira, in ci gaba da amsa kiran Hajiya cikin ladabi. Abu ɗaya nake roƙo: ki ba ni amsa kafin likitan haƙori ya sa labule.

Har amsarki ta iso, gobe da safe zan cika ruwan da zafi ya shanye, kamar kullum.

Naki ke kaɗai, har Bahar Maliya ta ƙafe,
Midhat