Gansakukar Atika a Kaskon Tantabaru

Aliero, ran Talata

Zuwa ga ɗiyata Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Innarki? Allah shi ba ta lafiya, shi sa kaffara ne. Kin san ni da waya ba mu shiri tun da kunnena ya yi nauyi, shi ya sa na ba Rabi'u direba wagga takarda.

Na dawo daga bikin suna a Jega na iske kin tai Maiyama jinya. Na kuma iske abin da ban taɓa zato ba: bahunan roba jere a tsakar gidana, cike da ruwa kore shar. Atika, ke da na yi wa tarbiyya da hannuna? Tun da anka kawo ni garin ga, ba macen da ta taɓa ganin gansakuka ko a gindin randata. Amma na ce hankalinki na wurin uwarki, ban yi fushi ba. Na ci ɗamara na wanke miki su tas da soso da sabulu, na kife. Ruwan ma ban yi ɓarna ba, rani ne. Na ba zogale, ragowar na cika kaskon tantabaru na bayan ɗaki.

Ba sai kin gode ba.

Gwaggonki, Ummusalma

*

Maiyama, ran Alhamis

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa. Inna ta fara cin abinci, tana gaishe ki.

Gwaggo, na karanta takardarki na koma bayan ɗaki na yi kuka, kuma ba zan ɓoye miki ba. Wannan koren ruwan shi ne karatun digirina na biyu. An yi hutu za a rufe ɗakin bincike, sai na kwaso shi gida don ya samu rana, ke kuma kina Jega. Da aka aiko Inna ba lafiya, na fita ko mayafi ban gyara ba, balle in bar miki saƙo.

Bari in yi miki bayani yadda ya kamata in yi tun farko. A jikin mutum da dabba akwai sinadaran da ke tafiyar da girma da haihuwa, ana ce musu homon. Suna fita ta fitsari, wasu kuma daga magungunan da ake sha. Sai su bi kwata su gangara fadama, inda ake ban-ruwan albasa, inda kifi yake. In suka yi yawa suna dagula haihuwar kifi, kuma tace ruwa irin na yau da kullum ba ya kwashe su duka. Ita wannan gansakukar ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganin guda sai sun taru. Tana zuƙe sinadaran daga ruwa, wasu ta narkar da su. Na ɗebo ta ne a wani kududdufi na Birnin Malam, na yi ta zaɓe da raino tun daminar bara waccan har na samu irin da ya fi ci. Kududdufin an cike shi an yi gini. Bayan hutu ne zan gwada ta a ruwan kwatar gari a gaban malamaina, yanzu ba ni da abin kaiwa.

Kada ki sa abin a rai. Ke kika riƙe ni tun rasuwar Baba, ke kika tsaya na shiga jami'a lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Hannun da ya wanke bahunan shi ya wanke mini kayan makaranta. Na gode, Gwaggo, har da wannan, don na san da niyyar alheri kika yi.

'Yarki mai biyayya, Atika

*

Aliero, ran Asabar

Ɗiyata,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta hana ni cin tuwo. Da zagina kinka yi da ya fi mini sauƙi da wagga godiya.

Kin san ni in raina ya ɓaci wanke-wanke nike kamawa. Na bi tukwane, na bi randa, na zaga bayan ɗaki da soso a hannu. Sai ga kaskon tantabaru kore shar. Ashe ina ta ƙara musu ruwa a kai kullum ban duba ba, idona ma ya fara bin sawun kunnena. Wallahi har na duƙa, soson ya taɓa bakin kaskon, sannan na tuna. Na jefa shi can na zauna a ƙasa.

Ban san ko taki ce ko ta tantabaru ba, duk kore ne a wurina. Na kore tantabarun, na sake musu wani mazubi, suna can suna hararata. Ga kaɗan nan a kwalba na ba Rabi'u. Na ce shi riƙe ta a gaban mota, in ya jefa ta cikin buhunan albasa ni da shi ne.

Ki gaya mini gaskiya, ko mi ce ce.

Gwaggonki

*

Maiyama, ran Laraba

Gwaggona,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina lafiya. Alhamdu lillahi, ita ce.

Na bar Inna da ƙanwata Hafsa na tafi Jega gidan malamata, Dakta Bushira, wadda take da madubin duba ƙananan halittu. Ta ɗiga ɗigo guda daga kwalbar ta leƙa, ta sake leƙawa. Sai ta matsa ta ce in duba da kaina. Na gane su, Gwaggo, kamar yadda kike gane tantabarunki a cikin na maƙwabta. Sun gauraya da wasu ƙwayoyin, za a sha aikin tsincewa, amma suna da rai. Dakta ta ce kashin tantabarun ne ya zame musu taki. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce in gaishe ki, mataimakiyar bincike.

Yanzu ga roƙona, kuma na san nauyinsa. Ba zan iya barin Inna ba tukuna, kasko kuwa ya yi musu kaɗan. Ki juye su a baho guda, ki ƙara ruwan rijiya, ki motsa da ludayi safe da yamma. Suna son haske, kuma ba inda rana ke sauka sosai sai tsakar gida, daidai inda baƙi ke zama. Na san ran Juma'a matan unguwa za su taru wurinki. In abin zai ba ki kunya, ki rufe da faifai har su tashi, yini guda ba zai kashe su ba.

Ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya saka miki da Aljanna.

'Yarki, Atika

*

Aliero, ran Asabar

Ɗiyata,

Gaisuwa gare ki da Innarki. Mata sun zo. Ban rufe ba.

Salima maƙwabciyata ta leƙa bahon ta ce, "Ummusalma, ashe tsufa ya kama ki." Na ce ta ja tabarmarta baya, tana tare wa karatun ɗiyata rana.

Ruwan bahon ya ƙara kore. Ki kula da Innarki, kada ki yi gaggawa.

Gwaggonki, Ummusalma