An share lambun tasha

Yaya Mamuda,

An tura mu gyaran layin dogo wajen Kano, ba zan iya jiran ka dawo daga kasuwar Ikara ba.

Lambun tasha dai babu shi. Jiya Baturen reluwe ya sauka, ya ga abin da muka yi gayya muka shuka a gindin tankin ruwa. Da ma irin furanni ya aiko mana mu shuka, mu kuwa muka ajiye shi muka shuka kuɓewa da yakuwa, tunda rumbuna sun ƙare. Sarkin tasha ya roƙe shi, ya ce gida tara ke miya daga nan. Ko kallonsa bai yi ba. Mu leburori aka miƙa wa fartanya, aka ce mu share lambun.

Baba bai sani ba. Ƙafarsa ta yi sauƙi, yana cewa yau zai je ban ruwa. Don Allah ka ɓoye tulun da yake ban ruwan da shi.

In ya matsa, ka gaya masa gaskiya. Kuɓewar nan ta irin da marigayiya Inna ta bari, ni na tumɓuke ta da hannuna. Ban yarda wani ya tattake ta ba.

Ka ce ya yafe mini.

Ya'u