Itacen da mijina bai ƙarasa zanawa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke wa mamaci hukunci.

Ni haifaffiyar Makka ce, kakanninmu daga Sakkwato suka zo. Da muna unguwar Nakkasa, da aka rushe wajenmu muka koma haya kusa da Jarwal. Mijina ya rasu bayan Hajjin da ya wuce, ban jima da fita takaba ba. Kafinta ne, yana yin abin ɗora Alƙur'ani da ƙananan akwatuna. Da kasuwa ta ja baya, wani ɗan kasuwa mai shigo da tasbaha daga Indunusiya ya kawo masa wani aiki. Dogayen itatuwa ne masu rami a ciki, ana busa su, sunansu dijaridu. Suna zuwa ba fenti, shi kuma ya yi musu ɗige-ɗige da layuka, yana kallon hotunan da mutumin ke turo masa a waya, sai a kwashe a sayar ta intanet. Sau ɗaya ya taɓa busawa, maƙwabta suka fito da jarkoki, sun zaci motar ruwa ce ta zo. Bai ƙara ba. Na ƙarshe da ya fara, ciwo bai bar shi ya gama ba. Yana nan jingine a ɗakina, rabi zane, rabi farin itace.

Ni aikina rakiyar tsofaffin mata masu Umra, ina tura su a keke. Makon jiya aka haɗa ni da wata dattijuwa daga Ostireliya, baƙa kamar mu, Musulma, daga mutanen da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Tana tare da surukarta mai jin Larabci, ita ke mana tafinta. Jininmu ya haɗu, har Khala nake ce mata, wato inna. Na gayyace su gida su ci tuwo.

Tana shiga ɗakin ta tsaya cak. Sai ta kawar da kai, ta zauna ta ba itacen baya. Na zuba abinci ba ta taɓa ba. Can ta yi magana a hankali, surukar ta fassara: “Wannan zanen na gidanmu ne.”

Ta ce a wurinsu ba kwalliya ba ne. Kowane gida da zanensa, yana nuna ƙasarsu da inda ruwansu yake, kuma ba mai yin sa sai wanda manya suka ba izini. Wannan zanen asalinsa hannun yayanta ne, ya rasu. Ba ta faɗi sunansa ba, ta ce su ba sa ambaton sunan mamaci. Wani ne ya ɗauki hoton dijaridun da ya zana a shago, hoton ya zagaya duniya. Ta ce na gaske gara ce ke cinye cikin bishiyar, maza su shiga daji suna ƙwanƙwasa itatuwa har su ji mai rami. Yanzu na kwaikwayo sun cika kasuwa da araha, har da rubutun ƙarya wai su suka yi. Yayanta tun kafin ya rasu ya daina shiga daji, samarinsu kuma ba sa koyo.

Wallahi mijina bai san wannan ba. Mutum ne da ko ƙusa ya tsinta sai ya nemi mai ita. Na gaya mata haka, na roƙe ta ta yafe masa. Ta riƙe hannuna ta ce ita ba ta riƙe shi a zuciya ba, amma yafiyar ba tata ba ce ita kaɗai, ta manyan gidansu ce. Ta roƙi in ba ta itacen ta kai musu, ta faɗa musu waye ya zana da yadda aka yi. Ba ta ɓoye min ba, ta ce wataƙila su kankare zanen, wataƙila su ƙone shi gaba ɗaya.

Tun ranar gidanmu ba lafiya. Yayan mijina ya ce ban isa ba, gadon marayu ne. Ya ce in abin ya fita aka bi diddigi, ƙanensa ba shi da izinin wannan aikin, kada in jawo wa dangi bincike kan iƙama, takardar izinin zama. Da na ce ai shi ne a baya ya ce in fitar da itacen daga gidan tunda kayan busa ne, sai ya ce na fara rashin kunya. Babbar 'yata ta daina cin abinci da ni, ta ce babanta ba ɓarawo ba ne, in na bayar na amsa ke nan cewa ya yi sata. Mahaifiyata kuwa abu ɗaya take maimaitawa, kada in bar bawan Allah ya kwanta da haƙƙin mutane saboda itace.

Ban san wa ya fi gaskiya ba. Kayan aikinsa dangi sun raba, tufafinsa an yi sadaka da su. Wannan kaɗai ya rage min. Amma in da gaske akwai haƙƙi a kansa, ta wannan matar ce kawai za a nema masa yafiya, kuma ba na jin za ta sake dawowa, ta tsufa.

Jibi za su yi ɗawafin bankwana, ni zan tura ta. Masu ilimi, wanda ya kwaikwayi abin mutane bai sani ba, akwai haƙƙi a kansa? In akwai, ina da ikon bayarwa ba da yardar yayansa ba? Kuma me zan ce wa 'yata? Yau na ɗauko ƙyalle zan naɗe itacen, sai na ga shatin babban yatsansa a fentin, daidai inda ya tsaya. Na kasa naɗewa, na kuma kasa mayar da shi wurinsa. In kai mata, ko in bar shi?