Hannun Fatu da Gwajin Auduga a Gaban Suruki

Daga:
Ɗanlarai Mansir,
Mai gyaran laima da tocila,
Layin Maƙera, Unguwar Gwallaga,
Bauchi.

9 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga:
Shugaban Kwamitin Sauraron Koken Majinyata,
Asibitin Tunawa da Hajiya Aishatu Ladan,
Bauchi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN MAI ƊAKINA, FATU ƊANLARAI, DAGA CIKIN MASU KARƁAR MAGANIN KETAMIN, BISA GWAJIN DA AKA YI MATA A GABAN SURUKINTA

Ina yi maka sallama tare da girmama kujerarka da ta waɗanda ke zama tare da kai. Ni ne mai suna a sama. Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu na elementare, saboda haka idan an ga tuntuɓe a rubutun nan a yi mini afuwa. Da hannuna na rubuta, ban ba kowa ba, domin maganar ta cikin gida ce. Ina kawo kuka ne a madadin mai ɗakina, wadda hannunta na dama ke ƙanƙancewa tun da aka tsayar mata da magani. Ga bayanin daki-daki.

1. A watan Yulin 2022 santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar gidanmu, ta karye a wuyan hannu. Mun fara zuwa wurin mai ɗori, daga baya muka zo asibitinku aka sa filasta. Ƙashi ya haɗe, hoto ya nuna haka. Amma hannun bai dawo ba. Ya kumbura yana sheƙi. Da safe in ka kai naka kusa sai ka ji sanyi kamar gindin randa, da yamma kuma zafi kamar dutsen guga. Shi kaɗai yake zufa, sauran jiki a bushe. Baƙin gashi ya tsiro a bayansa, ga shi ita duk kanta furfura ce. Farcen wannan hannun yana riga na hagu tsiro, na kuma tabbatar, domin ina tara abin da na yanke a kwalin ashana biyu, na dama daban na hagu daban. Idan kwamiti na son gani zan kawo. Babban abin shi ne taɓawa. Gefen mayafi in ya goge shi, ko iskar fanka, ko ruwan alwala, sai ta ce kamar an zuba mata garwashi. Dangi sun ce sammu ne, wasu sun ce iska. An yi addu'o'i, an sha rubutu, hannun yana nan yadda yake.

2. A watan Janairun 2023 aka tura mu sashen masu ciwo mai tsanani, wurin Likita Obiageli. Ita ta fara gaya mana cewa ciwon yana da suna, dogo ne da Turanci, suna taƙaita shi da haruffa huɗu, CRPS. Ta ce jijiyoyin hannun ne suka ƙi daina kai rahoton rauni bayan raunin ya warke. Ni dai na fahimce shi kamar tocilar da makunninta ya maƙale, tana ci da rana tsaka ba mai buƙatarta. Bayan magungunan da aka gwada sun kasa, ta sa mai ɗakina a kan ketamin, wanda ta ce asali da shi ake sa mutum barci in za a yi tiyata, amma nan kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Hanya biyu ce. Akwai na ƙarin ruwa, wanda ake kwantar da ita 'yan kwanaki a jere, daga safe zuwa azahar, na'ura na duba bugun zuciya da hawan jini, sai a huta wasu makonni a sake. Akwai kuma na sha a ƙaramar kwalba, wanda nake auna mata a gida da sirinjin da ba allura, in mayar akwati in kulle. Ana ɗibar jininta a duba hanta, ana tambayarta yadda fitsari yake. Ba mu taɓa tsallake ranar asibiti ba.

Ranka ya daɗe, ba na cewa maganin ya warkar da ita. Rage wutar ya yi, har masu gashin ƙashi suka samu damar kama yatsun suna motsa su. Likita Obiageli ta ja mana kunne cewa nan ne amfaninsa yake, domin yatsun da aka bari ba motsi za su lanƙwashe su bushe, kuma in sun bushe da wuya su sake buɗewa. Zuwa watan Yuni mai ɗakina ta riƙe ludayi ta dama fura da hannun dama. Ta ja carbi da shi.

Ina roƙon a ba ni dama in ƙara wani abu a nan, ko da ba a tambaya ba. Idan ruwan yana shiga jikinta takan ga abubuwa. Ta taɓa ganin shanun mahaifinta suna tafiya a kan ruwan dam ɗin Gubi, kofatonsu bai jiƙe ba. Ta ga silin ya zama ƙwaryar nono a kife, nonon kuma bai zubo ba. Wata rana ta ce hannun yana can kwance a gadon da ke gefe, ta gaishe shi, ta tambaye shi ya jiki. Na nemi Sista Paulina, mai kula da ɗakin, ta ɗiga mini ko kaɗan ne a harshe in ga shanun nan, ta hana ni, kuma ta yi daidai. Na kawo wannan ne don a san cewa a wannan hali bakinta yakan saki, takan faɗi abin da ba ta faɗa da hankalinta. Shi ya sa Likita Obiageli take jan labule, ba ta barin kowa ya zauna sai ni.

3. A watan Yuli aka yi wa Likita Obiageli canjin wurin aiki. Wanda ya gaje ta, Likita Adekunle, ya ce zai sake gwada kowa, saboda maganin ya yi ƙaranci, masu jira kuma suna da yawa. Ban ga laifin wannan ba. An kira mu ranar Litinin, 14 ga Agusta. Sabon likitan bai jin Hausa sosai, Sista Paulina kuma tana hutu. Sai ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da majinyaciya, kuma sai mai jin Turanci. A ranar, Abdulsalam, mijin 'yarmu Maimuna, shi ya ɗauko mu a motarsa, ya taso tun daga Gwallameji kafin ya wuce ofis. Ma'aikaciyar ta dubi rigata, ta dubi tasa, ta kira shi. Na miƙe zan yi bayani, ta ce Baba a zauna a benci. Na zauna. A jikin taga akwai wani ƙadangare mai wutsiya biyu, shi na yi ta kallo har suka fito.

4. A nan kuskuren yake, kuma ina roƙon kwamiti ya karanta a hankali. Mai ɗakina Bafillatana ce, a ruga ta tashi a gefen Gubi. Tun da Abdulsalam ya auri 'yarmu ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya yi sallama a zaure, ita ta shige ɗaki, ta bayan labule suke gaisawa. Ko tari ne ya taso mata yana gidan, haɗiye shi take yi. Shi ma haka yake gare ta, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba. Wannan ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san ta.

Abin da ya faru a ɗakin na tattara shi ne daga bakinsu, kowa daban, da ƙyar. Likita ya sa ta naɗe hannun riga. Ya goga mata auduga a bayan hannun yana duban fuskarta. Ya ɗora wani ƙarfe mai sanyi. Ya kama yatsun ya lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta kafa wa bango ido, ko gira ba ta motsa ba, domin surukinta na tsaye a ɗakin. Sai likita ya ce a tambaye ta, daga sifili zuwa goma, ina zafin yake. Abdulsalam ya juya wa gadon baya tun shigarsa, don kada ya ga damtsen surukarsa, saboda haka ƙofa ya yi wa tambayar. Ta yi shiru. Aka sake, ta girgiza kai don a gama a sallame ta. Likita ya ga ta girgiza kai, Abdulsalam bai da abin ƙarawa, kuma ba zai iya tsare ta da tambaya ba. Aka rubuta cewa taɓawa ba ta yi mata zafi yanzu, ba ta buƙatar ketamin.

Da ta fito muka kama hanya. Sai da muka zagaya bayan ɗakin magani ta durƙusa a bakin kwata ta yi amai. A nan na ga ta ciji leɓenta ta ciki har ya fashe.

5. Daga wannan rana aka cire sunanta daga masu ƙarin ruwa. Na sha ma ya tsaya lokaci guda, domin ɗakin magani ba ya ba wanda aka cire sunansa, alhali Likita Obiageli ta taɓa ce mana in za a daina, a hankali ake ragewa. Na dawo ranar 28 ga Agusta, aka ce hukuncin likita ne. Na dawo ranar 12 ga Satumba, na zauna har la'asar, aka ce yana ɗakin tiyata. Abdulsalam da kansa ya je ya yi bayani da Turancinsa, aka ce masa ba a sauya abin da aka rubuta da maganar baki. Sista Paulina ce, da ta dawo hutu, ta ce in rubuto wa wannan kwamiti.

6. Halin da ake ciki yanzu. Masu gashin ƙashi sun sallame mu, sun ce ba za su iya aiki a hannun da ba ya taɓuwa ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun kwanta a tafin hannu, ba sa tashi. Na tsakiya ya fara bin su. Na haɗa mata wani ɗan keji da ƙarafunan tsohuwar laima, tana sa hannun a ciki don kada zane ya taɓa shi. Da hagu take cin abinci, kuma tana jin nauyin a gan ta, saboda haka ba ta ci sai ta ga ba kowa a tsakar gida, wani lokaci har tuwon ya huce ta fasa. Abdulsalam ya daina zuwa gidan. Maimuna ta ce yakan kawo ta bakin layi ya tsaya a mota. Wani ya zo mini da maganar cewa ana samun maganin a bayan fage, wurin masu sayar da na dabbobi, na ce a'a, domin an gaya mana ba abin sha ba ne sai da awo da idon likita.

Ni kaina ban san abin da zan ce ina ji ba. Ina fita rumfa da safe, in buɗe laima in rufe, in ba mai ita. Jiya wani ya dawo da tasa ya ce ban gyara komai ba, na duba, gaskiyarsa ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon kwamiti cikin ladabi:

Na farko, a sake yi wa mai ɗakina gwajin, tun sauran yatsun ba su kwanta ba. A sa mace ma'aikaciya ta yi tafinta, wadda ba danginmu ba. Kada suruki ya kasance a ɗakin, ko a baranda inda za ta san yana iya ji.

Na biyu, kafin ranar, likita ya dubi maganar maganin sha, ya yanke abin da ya ga ya dace da iliminsa.

Na uku, nan gaba in za a kira ɗan rakiya ya shiga da majinyaci, a fara tambaya me yake gare shi, kafin a tambayi ko yana jin Turanci.

Ba na neman a hukunta kowa. Likita ya rubuta abin da idonsa ya gani. Ma'aikaciyar ta bi dokar ƙofarta. Yaron nan da surukarsa kuma kowa ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai.

A nawa ɓangaren, na zaunar da ita na gaya mata cewa in Allah ya sa aka sake kiranmu, idan auduga ta taɓa ta, ta yi ƙara, kada ta riƙe, ni mijinta na ba ta izini. Ta ce ba ta san yadda ake yi ba, ko a haihuwa ba ta yi ba, amma za ta gwada. Tun ranar takan rufe ɗaki da hantsi in yaran maƙwabta sun tafi makaranta, ta goga gefen mayafi a hannun da kanta, tana koyo. Ina jin ta daga zaure. Har yanzu abin da ke fitowa bai wuce gyaran murya ba. Ina roƙon a gaya wa likita, in ya ji wannan, ya karɓa.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya da adalci, ya sa a dubi takardar nan da wuri. Na gode da haƙurin karantawa.

Naka mai biyayya,

Ɗanlarai Mansir
Mijin majinyaciya,
Gwallaga, Bauchi.