Abin da Na Ɗauko a Buɗe-Bakin Malam Ladan

Sterling, Virginia
16 ga Satumba, 2008

Yaya Atine,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da yara da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ibada, yaya ƙafar nan taki? Sailuba da Khalil suna gaishe ki. Na turo wannan ta imel ɗin Najiba. Ki ce ta buga miki a takarda ta miƙo, ba sai ta karanta ba. Ki sa tabarau ki karanta da kanki.

A waya kin ce muryata ba daidai take ba, na ce miki azumi ne. Ba azumi ba ne. Amma kafin in faɗi abin da ke damuna sai na yi miki bayanin wasan nan da kike yi mini tsiya a kansa, ƙwallon Amurka, wanda kika ce ƙarti ne sanye da hular kwano suna danne juna.

Ni ma haka na ɗauka lokacin da na zo karatu College Park shekara takwas da suka wuce. Gregory, wani ɗan Jos da muka zauna ɗaki ɗaya, shi ya ja ni fili da ƙarfin tsiya. Irin na ɗalibai muke yi, ba a kayar da mutum, ƙyalle ake ɗaura maka a ƙugu, in an fizge shi an kama ka ke nan. Gudu kam ba ni da shi, kin sani. Rana ta uku mai jefa ƙwallon ɗaya ɓangaren ya yi kamar ya miƙa wa na bayansa, duk muka ruga kan wancan, ni har da ihu. Ashe ƙwallon tana hannunsa. Ya cilla ta saman kanmu ga wani da babu kowa kusa da shi, ni kuma na tsaya a tsakiyar fili riƙe da ƙyallen mutumin da ba ya ɗauke da komai. Wallahi Yaya, maimakon haushi daɗi na ji. Dara ce, irin wadda nake yi a ƙofar gida kina korata in je in yi karatu, sai dai 'ya'yan wannan darar suna da ƙafa kuma suna gajiya.

Dokar ba wuya. Ana ba ku dama huɗu ku matsa gaba yadi goma. Bayan kowace dama sai a tsaya, a haɗa kai, a ƙulla sabuwar dabara. Wato duk rabin minti ana ƙoƙarin yaudarar wani. Wannan ne ya kama ni. Ran Lahadi nakan zauna gaban talabijin da biro, ba mai ƙwallon nake kallo ba, sauran nake kallo, wa ya matsa, wa ya yi jinkiri, wa aka bari shi kaɗai. Da Sailuba ta zo ƙasar nan ta ce ko takardar cefane ta ajiye sai ta tarar da zane a bayanta. Shekara uku ke nan ina kocin yaran unguwarmu, 'yan sha uku da sha huɗu, Khalil ɗina ne mai jefa mana ƙwallo. Ina da littafi guda cike da dabaru, kuma ina alfahari da shi fiye da takardar digirina, Allah ya yafe mini.

Ran Asabar mun ci 'yan jar riga, mu maki ashirin su sha huɗu, karo na farko tun da na fara. Iyayen yara sun yi ta rungumata. Tun ranar ban buɗe littafin nan ba.

Kamal, ɗan Malam Ladan, 'yan jar riga yake buga wa wasa, kuma a asibiti ya kwana ranar. An sallame shi, yana lafiya. Kin san Malam Ladan, shi ne ya ɗauko ni a filin jirgin Dulles ranar da na sauka ban san kowa ba, ya ajiye ni a gidansa wata uku, ya ba ni rigar sanyinsa. Sauran maganar ta ƙi fitowa yau.

Ki gaishe da kowa da kowa. Ki sa ni a addu'a lokacin shan ruwa.

Ƙaninki,
Dabo


Sterling
21 ga Satumba, 2008

Yaya Atine,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kun sha ruwa lafiya. Yaya yara, yaya gajiyar azumi? Mu ma nan alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso ta bakin Sailuba, cewa in daina kame-kame, tun ina yaro in na yi laifi sai na fara da dogon labari. Gaskiyarki ce. To ga shi.

Ran Alhamis kafin wasan, Malam Ladan ya gayyace mu buɗe-baki. Kunun gyaɗa da ƙosai, kamar a gida, muna zaune a kan kafet. Yana cikin farin ciki yake ba ni labari cewa Kamal bai sha azumi ko ɗaya ba bana, har ranar wasa ya ƙi sha duk da uwarsa ta yi ta lallashinsa. Ya ce daga la'asar ƙafafun yaron sukan yi nauyi, jijiyar sharaɓarsa takan ɗaure, amma ba ya gaya wa kocinsa don kada a cire shi. Uba ne yake yabon ɗansa a gaban ɗan'uwa. Na ce masha Allah, na sa wa yaron albarka, kofin kunu yana hannuna. A daidai lokacin nan, Yaya, kaina ya riga ya fara zane, don na tuna wasanmu ƙarfe uku da rabi ne.

Aikin Kamal tsaron gefen hagu. Duk yaron da ya sheƙa ta nan dole ya bi shi har ƙarshen fili, ko za a jefo ƙwallo ko ba za a jefo ba. Shi ne ya fi kowa gudu a cikinsu, shi ya hana mu ci bara. Sai na tsara cewa kafin hutun rabin lokaci zan yi ta tura yara ta gefensa da gudu, ba don a jefa musu ba, don dai ya bi su. Yara uku na ware, in wannan ya je ya dawo ya huta ya sha ruwa, wancan ya tafi. Shi kuma shi kaɗai, bakinsa a bushe. Wasan zango huɗu ne, sai zango na ƙarshe za mu fara jefawa can.

Akwai wani abin kuma. Khalil ya tashi sahur ranar Asabar, na ce ya koma ya kwanta, bai balaga ba tukuna, ba dole a kansa. Har da kawo masa hujja kamar wani malami. Nawa ɗan na ciyar da shi ƙwai da burodi, na tafi in gajiyar da ɗan wani mai azumi, ni kuma da nawa azumin a baki.

Ranar an yi rana sosai. Sau goma sha ɗaya na tura wa Kamal yara, na ƙirga. Kafin a fara ya zo har wurina ya rusuna ya gaishe ni, ya kira ni Baba Dabo kamar kullum. A zango na huɗu na ga ya fara dafa gwiwa, na yi wa Khalil alama. Jifa na farko muka ci. Na biyu ma muka ci, shi kuma Kamal ya bi yaronmu da ɗingishi, ya faɗi bai tashi ba.

Ga abin da ya fi hana ni sukuni. Da alƙalin wasa ya busa usur mutane suka ruga kansa, Malam Ladan ya tsallake igiya da babbar rigarsa yana kiran sunan ɗansa, ni ban ruga ba. Idona na kan bencinsu, ina duba wane yaro za a sa a madadinsa, gajere ne ko dogo, da wace dabara zan tunkare shi. Na fi minti guda a haka kafin hankalina ya dawo jikina. Can motar asibiti ta shigo fili ta ɗauke shi.

An yi masa ƙarin ruwa leda biyu. Da ya farfaɗo ya gane azuminsa ya tafi, kuka ya yi ta yi. Ni na bi su asibitin da motata, Malam Ladan ya riƙe hannuna yana gode mini, yana cewa na bar murnar nasarata na zo na tsaya da su. Jiya a masallaci ma ya sake faɗa a gaban mutane. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban karya dokar wasa ko ɗaya ba, na yi ta gaya wa kaina haka. Da a kaset ɗin wasanninsu na gano rauninsa, da babu mai cewa komai. Amma ba a kaset na gano ba. A gidan ubansa na ji, da abincinsu a bakina. Khalil kuwa ya gaya wa uwarsa zai rama azumin ranar bayan Sallah, kuma ya daina zama kallon wasa da ni ran Lahadi.

Malam Ladan bai san wasan ba, ba zai taɓa ganewa da kansa ba. In na yi shiru zan ci gaba da zama ɗan'uwansa. In na faɗa ban san me zai rage ba. Ki gaya mini yadda zan yi, ko da yake na san abin da za ki ce.

Gaisuwa ga duk na gida.

Ƙaninki mai jin kunya,
Dabo


Sterling
9 ga Oktoba, 2008

Yaya Atine,

Assalamu alaikum, barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu ya maimaita mana. Ina fata kun yi Sallah lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Mun ga hotunan da Najiba ta turo, atamfar ta karɓe ki.

Na yi abin da kika ce. Washegarin Sallah da hantsi na je gidan Malam Ladan ni kaɗai, na nemi mu keɓe. Na gaya masa duka, daga kofin kunu har zuwa kallon bencin nan, ban rage komai ba. Na ma zana masa a bayan ambulan yadda na yi ta tura yaran, don na ga bai gane ba. Ina cikin zanen na ji muryata ta fara ɗagawa irin ta mai koyar da abin da yake so, sai na ajiye biron.

Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya, ko tun a gidansa na fara tunanin, ko sai da na koma nawa gidan. Na ce tun a gidansa. Ya gyaɗa kai. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bai ɗaga murya ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na roƙi Kamal gafara shi ma. Yaron ya saurara, ya amsa da Turanci kamar yadda suke yi, ya ce dabarar ta yi kyau, da shi ne koci shi ma haka zai yi, kuma baɗi ba zan same shi ba. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, da ya ce ta yi kyau sai da wani abu a ƙirjina ya ji daɗi. A gaban ubansa. Wannan ne ya nuna mini cewa ciwon nawa bai warke ba, kuma ban san ko ina so ya warke ba, don har yau in na rufe ido ina ganin yadda gefen hagun nan ya buɗe daidai lokacin da na lissafa.

Na gaya wa iyayen yaranmu su nemi wani koci in kakar wasan nan ta ƙare. Sun ɗauka aiki ne ya yi mini yawa, na bar su a haka. Gregory da na kira shi cewa ya yi na cika tsanantawa, ai wasa ne. Shi ba a gidan ya sha kunu ba.

Shekaranjiya Malam Ladan ya sake gayyatar mu shan ruwa, muna sitta Shawwal. Na yi murna ƙwarai, na ce wa Sailuba ashe komai ya wuce. An karɓe mu kamar da, an cika mana kwano, matarsa ta yi ta wasa da Khalil. Ana cikin hira sai Malam Ladan ya juyo da fara'a ya fara ba ni labarin cewa sun kai Kamal wurin likita a kan gwiwarsa ta dama, likitan ya ce wai... A nan ya tsaya. Ya dube ni, ba da fushi ba, kallo dai na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini faranti ya ce in ƙara dabino, ya koma maganar tsadar man fetur.

Shekara takwas mutumin nan ba ya ɓoye mini komai na gidansa. Ranar da aka haifi autarsa ni ya fara kira kafin 'yan'uwansa na Kano. Na karɓi dabinon na ci, na yi ta amsa masa maganar fetur har muka tashi. A mota Sailuba ta tambaye ni me likitan ya ce game da gwiwar, na ce mata ban sani ba.

Ki gaishe mini da yara da maƙwabta. Allah ya bar mu tare, ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
Dabo