Keken Ado da Takardar da Na Dangwala

Daren Talata, bayan isha'i.

Shekara talatin ina gyara wa guragu kekunansu kyauta a rumfata, ba takarda, ba tambari. Sai Sani ɗan ƙanena, mai boko, ya ce, "Baba, mu buɗe gidauniya da sunanka, taimako zai yawaita." Na ƙi har wata uku, ƙarshe na dangwala yatsa a takardar Turanci. Da da ajamin nan nawa aka rubuta ta, da na gane abin da ke ciki.

Yau Ado, ɗaya daga guragun da nake yi wa gyara, ya zo tun daga Tudun Jukun, yana tura kekensa, ƙafar keken ɗaya a lanƙwashe. Sakataren gidauniya ya ce ya cike fom, ya dawo Litinin. Ado ya dube ni ya ce, "Malam Garba, da ƙafar wa zan dawo?"

Na ɗauko sifana zan kwance masa ƙafar keken. Sai Sani ya riƙe hannuna a gaban mutane, wai sai kwamiti ya zauna, wai kayan aikin yanzu na gidauniya ne. Sifanan da na saya tun ubansa bai yi aure ba! Wai takardar ce ta ce haka.

Ado ya tafi a hakan, ina jin ƙarar kekensa har kwanar masallaci.

Da za a tambaye ni, duk mai alheri a hannunsa ya bar shi a hannunsa, kada ya yi masa ofis. Ga sunana da manyan baƙaƙe a allo, amma ko ƙusa ɗaya ban isa in ɗaure ba.