Ragowar Ƙwayoyin da Na Ba Baba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙoƙari?

Ciwon bayan Baba ya tashi, har ya kasa sunkuyawa ya ɗauki guduma. Likita ya rubuta masa maganin da ke sassauta jijiyoyi. Ya ce yana sa barci da jiri, kada ya hau sama in ya sha, kada kuma a haɗa shi da wani magani sai an tambaya. Kin san Baba da taurin kai. Kwana huɗu ya huta ya koma rufin kwano, wai kafinta ba ya cin abinci a kwance. Sai da yamma yake sha, kuma jikin da sauƙi. Kada ki damu.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Da fatan kun kwana lafiya. Mu dai sai addu'a.

Kin ji Baba ya faɗo daga tsani. Ƙashin baya ya taɓu, ƙafafun ba sa motsi. Abin da ba ki ji ba shi zan faɗa miki, don ya hana ni cin abinci.

Tun kwana biyu kafin nan yake kukan zafin fitsari, yana jin nauyin komawa asibiti. Ni sarkin iyawa sai na buɗe gwangwanin da muke tara ragowar magunguna, na ba shi ƙwayoyin da mijina ya sha don irin wannan ciwo. Wallahi tausayi ne, Yaya. Jiya na kai kwalayen magungunan biyu, na likita da wanda na ba shi, wurin mai kemis kamar don wata nake tambaya. Ya riƙe baki. Ya ce na fitsarin yana hana na bayan fita daga jiki, jini ya sauka, mutum ya sume yana tsaye.

Baba bai tuna komai ba. Kowa ya ɗora wa Dogo, abokin aikinsa na shekara talatin, wai shi ya saki tsanin. Shi ma bawan Allah har ya fara zargin hannunsa.

Yau da hantsi ya zo dubiya, ya tsaya a ƙofa yana kuka kamar mace ta yi ɓari. Inna ta ce kada ya ƙara taka mana gida. Ina tsaye a bayanta, Yaya, na bar shi ya tafi da laifina.

Ki zo. Ni kaɗai ba zan iya faɗa musu ba.

Ƙanwarki,
Auta